Atamfar da Na Kai Marina

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina taka keken ɗinki a Zinder. Na ƙona yadin mutane da dutsen guga, na yanke hannun riga ya gajarce, na taɓa juya wa amarya zane kai ƙasa, kuma yawancin waɗannan na manta da su. Amma akwai turmin atamfa guda ɗaya da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba kuskuren almakashi ba ne. Da hankalina da wayona na ɗauke shi na lalata, ina tafe ina yaba wa kaina cewa taimako nake yi.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya ajiye aiki. Duk unguwa Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, matarsa kuwa Madam. Kiristoci ne. Shi ɗan wani ƙauye ne wajen Garagumsa, danginsa duk musulmi, shi kaɗai ya bi waccan hanya tun yana saurayi. Shekara ashirin muna zaune tare, ko kallon banza bai taɓa shiga tsakaninmu ba. In famfo ya ɗauke, bidon ruwanta nawa ne, nawa nata ne. Ranar layya cinya guda ta gidansu ce. Ranar bikinsu kuwa maigidana take kira ya yanka mata kaji, don kada wani a unguwa ya ce ba zai ci ba. Ni da ita mun saba har ta kai ba ma sallama, sai dai ta ƙwala mini kira ta kan katanga.

Saura kamar wata guda a yi bikinsu na Pak, wato ranar da suke cewa Annabi Isa, wanda suke kira Yesu Almasihu, ya tashi daga kabari bayan an gicciye shi, sai ga Mushe da kansa ya shigo shagona riƙe da leda. Ya warware mini atamfa a kan tebur. Ruwan ɗorawa ce mai haske, da manyan furanni ja, irin wadda daga bakin titi ake hango mai ita.

Ya ce, "Hajiya, ki yi wa Madam ɗinkin da duk majami'a za ta juyo ta dube ta. Wai ta tsufa da wannan kala. Ni kuma na ce ban yarda ba."

Na yi dariya na ce, "Mushe, tsufa ya zo amma ido bai mutu ba." Ya tafi yana murmushi. Ni kuma na yi abin da kowane tela yake yi, na ninke atamfar na sa a ƙasan tari, na ce ai da sauran lokaci.

Ranar Litinin ta makon bikin, da hantsi, Mushe yana ba 'yan shuke-shukensa ruwa a tsakar gida ya yanke jiki ya faɗi. Tansiyo ne, hawan jini. Kafin a isa likita da shi rai ya yi halinsa. Talata aka binne shi. Ni kuwa na rufe shago na tare a gidan, na kama tukunya, na kama shimfiɗar tabarmi, na zama mai cewa a yi kaza a bar kaza. Haka nake, in abu ya taso sai na shige gaba. Danginsa suka zo daga ƙauye, cikinsu har da ƙanwarsa, wata dattijuwa marar magana, kullum tana gefe da carbinta tana bin kowa da ido.

Ranar Laraba da la'asar, mutane sun ɗan ragu, Madam ta jawo bakin zanena na sunkuya. Na ɗauka ruwa take so. Sai ta ce a hankali, "Hajiya, kada ki manta da ɗinkina. Lahadi zan sa."

Na ce, "Wane ɗinki?"

"Atamfar da Mushe ya kai miki."

Na dube ta, na dubi ƙanwar Mushe da ke can gefe, na ce a raina baƙin ciki ya taɓa matar nan. Mijinki bai kwana uku a ƙasa ba, kina maganar ruwan ɗorawa da furanni ja? Na sani sarai ba sa takaba irin tamu ta wata huɗu da kwana goma, ba kwalli ba turare ba fita. Amma ko ba takaba ai akwai kunya. Nan take na fara jin abin da matan unguwa za su ce, da muryoyinsu da yadda za su taɓe baki. Na hango dangin miji sun koma ƙauye suna ba da labarin matar da ta ci ado kwana shida da mutuwar ɗan'uwansu. Ba wanda ya faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan maganganu, ni na zauna na tsara su a kaina. Na ce mata, "To, Madam," na miƙe.

Da na koma gida na zayyana wa maigidana. Yana gyaran rediyonsa, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ki ɗinka mata abin da ta ce. In abin ya dame ki, ki tambaye ta dalili."

Na ce, "Kai ba ka san bakin mata ba. Mutumin da ke cikin makoki ba a tambayarsa, yi masa ake yi."

Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin nasa har yau in na tuna sai na ji kamar in shaƙe shi, domin duk abin da ya biyo baya yana cikinsa.

Dabarar da ta faɗo mini, na ɗauke ta dabara ce ta masu hikima. Tana son ta sa kayan da mijinta ya saya mata, ko ba haka ba? To za ta sa. Sai dai zan rage musu ƙarfi, su dace da mai makoki. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, gari ya cika ga zafin bazara kamar a kasko, na hau kabu-kabu da atamfar a hammata na nufi wata marina a Birni. Marinin tsoho ne, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya warware atamfar ya dube ta ya dube ni.

Ya ce, "Hajiya, sabuwa ce fa, ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Me ta yi miki?"

Na ce, "Ka rine ta ta yi duhu, kada a ga fure ko ɗaya. Gobe nake so."

"Gobe? Atamfa ba ta shan rini yadda fari yake sha. Sai an tsoma an sake tsomawa, a ɗauraye sosai. Ga shi kwana huɗu famfo bai kawo ba, ruwan da nake da shi na 'yan ga-ruwa ne. In na gaggauta miki, zuba zai yi."

Na ce masa mutuwa aka yi, ba lokacin dogon bayani ba ne. Ya girgiza kai ya karɓa. Mutum na biyu ke nan da Allah ya aiko ya tare ni, na ture shi na wuce.

Ranar Jumma'a da rana tsaka na ga Madam ta fito da wani tsohon zane mai duhu, matan majami'arsu biyu suna riƙe da ita. Sai wajen la'asar suka dawo, idanunta sun kumbura sun yi ja, tana tafiya kamar ba a ƙasa take takawa ba. Daga baya na ji ranar ce suke tuna gicciyewar, su zauna ba kiɗa ba ganga, ana karanta musu yadda abin ya faru. Ni dai a lokacin abin da na gani shi ne zanen mai duhu. Na ce a raina, yauwa, ita ma ta san abin da ya dace. Na je na karɓo rinina ko gama bushewa bai yi ba. Ya yi baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi, kalar da ba ta da suna. Na zauna na zuba mata wata riga burmeme, ba wuya ba ƙugu, ba ado ko na zare ɗaya.

Asabar da safe na ninke na goge na kai mata ɗaki. Ƙanwar Mushe tana zaune a bakin gado. Na ajiye a gaban Madam ina jiran godiya.

Ta ɗaga rigar ta juya ta. Ta ce, "Wannan fa?"

"Ɗinkinki ne."

"A'a, Hajiya, kin haɗa da na wata. Tawa ruwan ɗorawa ce."

Na gyara murya na ce, "Ita ce. Na kai an ɗan rage mata haske, saboda halin da ake ciki. Kin san mutane."

Ta miƙe. Ta kai rigar bakin taga, ta buɗe gefen zanen inda rinin bai kama sosai ba, ta ga inuwar fure ɗaya. Shekara ashirin ban taɓa jin matar nan ta ɗaga murya ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba. Da ma ta ɗaga, da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Wa ya aike ki?"

Na fara cewa saboda mutuncinta ne, saboda dangi, saboda unguwa. Ta katse ni.

"Abu na ƙarshe da ya saya mini da hannunsa ke nan. Kin san da haka, ke ya kai wa. Kin ɗauka ban san mijina ya mutu ba? Ni na rufe masa ido. Jiya na je na yi kuka biyu, na Almasihu a kan gicciye da na Mushe a cikin ƙasa, har na rasa wanne nake yi. Jumma'a ranar kuka ce, na ba ta haƙƙinta. Amma mu ba a Jumma'a labarinmu ya tsaya ba, Hajiya. In na zauna a ɗaki gobe cikin baƙi, na ce kabari ne ƙarshe ke nan. Na ce abin da mutumin nan ya bar gidan ubansa saboda shi, ya shekara arba'in a kai, duk tatsuniya ce. In Almasihu bai tashi ba, to Mushe ma ya tafi ke nan har abada. Ni kuwa ban yarda ba. Ba don na daina baƙin ciki zan sa ruwan ɗorawa ba, don shi ne kaɗai abin da ya rage mini in riƙe."

Sai na juya wajen ƙanwar Mushe, ina neman mai kama mini. Ai saboda ita na yi rabin abin da na yi. Dattijuwar nan ta ajiye carbinta a cinya ta ce, "Hajiya, mu mun san Pak ɗinsu tun ba ki zo unguwar nan ba. Yayana ko yana zazzaɓi sai ya sa sabuwar riga ranar. Da kin tambaye ni da na faɗa miki." Ta ɗauki carbinta ta ci gaba da ja.

Wallahi na ji haushi. Na ji haushin tsohuwar da ta kwana huɗu tana zare mini ido ashe ba komai a ranta. Na ji haushin maigidana da ya yi gaskiya, da marinin da ya yi gaskiya. Har Madam na ji haushinta, don me ba ta yi mini wannan bayani tun Laraba ba? Sai da na fito tsakar gida na tuna ba ta da dalilin yi, tunda ɗinki ta ce in yi mata, ba fatawa ta nema ba.

Ban shiga gida ba, kasuwa na wuce. Na bi rumfunan 'yan atamfa ɗaya bayan ɗaya ina kwatanta musu kalarta da furanninta, gumi na bin bayana. Wannan ya ce ta ƙare, wancan ya ce sai mako mai zuwa in kaya sun iso daga Kano, wani ya ciro mini kore ya rantse ita ce. Da ƙyar wajen azahar na samu wata mai kama da ita, furanninta sun ɗan fi ƙanƙanta. Na dawo da gudu na tsaya bakin ƙofar ɗakin Madam na ce na samo wata, kafin magariba zan gama ɗinkawa.

Daga ciki ta ce, "Shi ya saya?"

Na ce, "A'a."

"To ki kai gida."

Na kai gida. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na zauna ina kallon katangar nan, na san da hannuna na mai da ita katanga ta gaske. Maƙwabtakar shekara ashirin nake gani tana tafiya saboda shisshigina.

Lahadi da sassafe, ina shara, sai na ji an turo ƙofa ba sallama. Madam ce, rigar nan a hannunta. Fuskarta ba fara'a.

Ta ce, "Buɗe shago. Tunda kin rine, kin rine. Amma wannan buhun ba zan sa shi ba. Mushe ya ce ki yi mini ɗinkin da majami'a za ta juyo ta dube ni, da bakinsa ya faɗa mini. Fitar da wuya, kama ƙugu, ki yi mini hannun mutane."

Na hau keke. Ban taɓa ɗinki da sauri da tsoro irin na ranar ba. Ta sa, na ɗaura mata ɗankwali na ɗaga shi sama yadda take so. Ta zizara kwalli a gaban madubina. Sannan ta ce, "Ɗauko mayafinki. Ke ce mai tsoron bakin unguwa, zo ki raka ni ki ji abin da za su ce."

Muka fito, ina biye da ita kamar wadda aka kama da sata. Matan unguwa suna bakin famfo da layin bidoninsu. Na sunkuyar da kai ina jira. Ɗaya ta ce, "Madam, ya haƙuri? Allah ya ƙara dangana." Wata ta ce a gaida mutanen majami'a. Shi ke nan. Sai da muka ɗan gota na ji wata ta ce wa ta kusa da ita, "Ke, wace tela ce ta yi wa Madam wannan aika-aika?" Duk tsegumin da na yi kwana huɗu ina gudu, ashe a kaina zai sauka.

A bakin majami'ar na tsaya, na samu inuwar dogon yaro na zauna. Ina jin ganga da tafi da waƙa, irin murnar da ban taɓa zaton za a yi ta da gawa kwana biyar a ƙasa ba. Can cikin muryoyin na tsinkayi tata. Muryar tana rawa, tana karyewa, amma ba ta tsaya ba har aka kai ƙarshe. Ni musulma ce, abin da na yi imani da shi game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daban yake da nata, kuma ba mu taɓa ɓoye wa juna haka ba. Amma a ƙarƙashin bishiyar nan na gane matar ba ado ta fito yi ba, kuma na share hawaye da bakin mayafina.

Da aka tashi sai ga abin da marini ya faɗa. Ga zafin bazara, ga rufin kwano, ga gumi. Rinin ya zuba. Wuyan Madam da hannuwanta sun yi shuɗi. Matan majami'ar kuwa yawancinsu farare suka sa, kuma kowace sai da ta rungumi mai makoki. Suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, wannan da tambari a ƙirji, waccan a kafaɗa, matar fasto har a kumatu. Suka tsaya suna duban juna. Wata ta ce, "Madam, wa ya yi miki rinin nan?" Ta ɗaga hannu ta nuna ni a gindin bishiya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai kawai na ga kafaɗunta suna motsi. Dariya take yi, karo na farko tun Litinin, dariya har da riƙe ciki, hawaye na wanke kwallin yana haɗuwa da shuɗin. Ta zo ta rungume ni da gangan, ta goga mini rabona a mayafi.

A hanyar dawowa, rana ta take, ta tsaya ta ɗaga gefen zanen. Inda gumi ya jiƙa, furannin sun fara leƙowa ta ƙarƙashin baƙin. Ta ce, "Kin gani? Kin binne su, ba su zauna ba." Na ce, "Madam, don Allah ki bar ni da abin da nake ji." Ba ta bar ni ba, kuma har yau ba ta bari ba.

Shekaru sun wuce yanzu. Kowace Pak wannan atamfar take sawa, ta ƙi yarda in ɗinka mata wata. Kowane wanki rinin yana ƙara sakinta. Ruwan ɗorawar bai dawo yadda Mushe ya saye shi ba, kuma ba zai dawo ba, wannan laifina ne da zan tafi da shi. Amma furannin duk sun fito, ana ganinsu daga bakin titi. Da safiyar ranar sai ta tsaya ta kan katanga ta kira ni, "Hajiya, fito ki ga aikinki." In fito ina tsaki, in ɗaura mata ɗankwali.

Abin da na koya bai da yawa, amma da tsada na saye shi. Na ɗauka baƙin ciki kala ɗaya gare shi, tawa, kuma duk wanda bai sa ta ba sai na sa masa. Na fi jin maganar mutanen da ba su ce komai ba a kan maganar matar da ta faɗa mini abin da take so da bakinta. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini yadi, ko na ga kalar ba ta dace da halin da yake ciki ba, ba na gyara masa. Nakan ajiye almakashi in tambaye shi wa ya saya masa, kuma wace rana zai sa.